Ɓoyayyen Asali da Soyayyar Talaka da Mai Sarauta: Ƙagaggen Labarin Hausa a Ma'aunin Tarihin Damagaram

Tsakure

Maƙalar ta ɗauki zubin labarin nan da masu karatu suka saba da shi, inda saurayi ko budurwa ke tashi ba a san asalinsu ba, soyayya ta haɗa su da wanda ya fi su matsayi, sai a ƙarshe gaskiya ta fito. An auna zubin da abin da aka rubuta game da daular Damagaram a ƙarni na 19. An gano cewa ɓatan asali abu ne da mutanen yankin suka rayu da shi tun kafin majigi ya zo, kuma a tarihi yawanci ƙasa yake jan mutum, ba sama ba.

Gabatarwa da bitar ayyuka

A 1997 Brian Larkin ya fitar da maƙalarsa kan finafinan Indiya da masoyan Nijeriya a mujallar Africa, ya kafa hujja da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Abdalla Uba Adamu ya faɗaɗa zancen yadda kayan nishaɗin waje ke shigowa adabin Hausa, Ibrahim Malumfashi kuwa ya laƙaba wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano. Da waɗannan malamai ba ni da babbar jayayya. Larkin bai taɓa cewa auren dole daga Bombay aka kawo shi ba. Jayayyata da ɗabi'ar da ta biyo bayansu ce, wadda ta zama ruwan dare a kundayen digiri: da zarar an ga yaro ya ɓace a babi na ɗaya an gane shi a babin ƙarshe, sai a rubuta "tasirin Indiya" a wuce. Gaskiya ne Yaadon Ki Baaraat (1973) da Amar Akbar Anthony (1977) a kan rabuwar 'yan'uwa da sake haɗuwarsu aka gina su. Amma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, kuma sace yaro da rabuwa da uwa su ne ƙashin bayansa. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, na wannan zamanin, ya haɗa soyayyar da dukiya ta raba da ɓatan asali: attajiri Malam Shaihu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab da ƙarfin dukiya, daga baya ɗan da aka haifa, Kyauta, ya kashe mahaifinsa bai san shi ba ne. In aka ƙara ja da baya, ga Bayajidda, baƙon da ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, wasu suka yi ƙaryar su ne, sai kan macijiyar ya raba gardama. A labarin har akwai ɗan matar aure da ɗan ƙwarƙwara, Bawo da Karɓagari.

A ɓangaren tarihi ayyukan André Salifou (1971), da na Roberta Dunbar (1970, 1977), da na Camille Lefebvre kan shigowar Faransawa sun wadatar, sai dai manazarta adabi ba su cika leƙa su ba.

Hanyar bincike

An karanta littattafan uku da aka ambata, aka jera su da labarin rayuwar Dorugu, da bayanin James Richardson kan Zinder, da hukunce-hukuncen Malikiyya kamar yadda suke a Risala da Muhtasar.

Inda asali ke ɓacewa

Damagaram ta yi tashe ne a kan hanyar fatake daga Kano zuwa Tarabulus, hanyar da ta haɗa ƙasar Hausa da duniyar da aka kai Umar da mahaifiyarsa a littafin Ɓalewa. Tana biyan gaisuwa ga Borno, tana kuma faɗaɗa kanta kudu wajen Kance da Magarya da ƙasar Daura. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, aka zagaye Birnin Zinder da ganuwa, ana ƙera igwa a cikin gari, unguwar Zango kuma ta cika da fataken Buzaye da Larabawa. Bayi na cikin abin da ke juya wannan arziki. Richardson, da ya zauna a garin a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga an shigo da kamammu daga hari, ya kuma ce bashin da fada ke ci wurin fatake na cikin abin da ke sa a fita harin, har kan garuruwa na kusa.

Dorugu ɗan wannan ƙasa ne. An haife shi ɗa a wani ƙauye kusa da Kance, aka kama shi yana yaro, aka sayar da shi har ya kai Kukawa, inda Adolf Overweg ya 'yanta shi. Ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya faɗa wa J. F. Schön labarinsa da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Abin lura a nan, yaron da jiya ake kira da sunan ubansa, yau ya zama kaya mai farashi, kuma ba wata laya ko zobe da za a ciro a ce ashe ɗan sarki ne. Abin da danginsa za su iya, in sun gano inda yake kuma suna da hali, shi ne fansa. Haka mahaifiyar Shaihu Umar: 'ya ce, matar bafade, ta fita neman ɗanta aka yaudare ta aka sayar. Ɓalewa bai ba ta komawa gida ba. Ta ga ɗan nata a can ƙetaren hamada, ba ta daɗe ba ta cika. A ganina wannan ya fi kowane littafin Hausa kusa da yadda ɓatan asali yake a ƙarni na 19.

Sai matsalar da marubucin labarin tarihi ba zai iya tsallakewa ba, wato fuska. A wancan zamani asali a rubuce yake a kumatu. Wanzami zai zo da zabirarsa jariri na ɗan kwanaki, a riƙe masa kai, ya ja tsagar gidan da aska, ya goga baƙin tukunya don ta zauna. Dogayen zanen Barebari daban, na Gobirawa daban, na Daurawa daban, kuma duk wanda ya saba cin kasuwa yana karanta su daga nesa. A Kano, kamar yadda Sean Stilwell (2004) ya nuna, 'ya'yan bayin sarki na ɗauke da uku-uku a gefen baki. Saboda haka labarin da zai ce 'yar sarki ta girma a gidan mahauci shekara da shekaru ba wanda ya lura, dole ya gaya mana ko dai an ɗauke ta kafin wanzami ya taɓa ta, ko an kai ta ƙasar da ba a san zanen ba. Tsagar kuma ba ta ceton mai ita. Kowa a kasuwar bayi na iya gane cewa wannan yarinya Badauriya ce, 'yar gidan mutunci, a kuma yi cinikinta. An san ko wace ce, sanin ne ba ya da amfani. Nan zubin soyayya ya rabu da tarihi, domin shi ya ɗauka cewa da zarar an gane mutum, matsayinsa ya dawo.

Ta ina ake tsallake matsayi?

Ƙofar da ta fi buɗewa ita ce ta sa-ɗaka. A Malikiyya ɗa na bin uwarsa wajen bauta, in ban da wanda ubangida ya haifa da kuyangarsa: shi ɗa ne, yana gado, yana iya hawa gadon sarauta, uwar kuma ba a sayar da ita, tana samun 'yanci ran da ubangidan ya rasu. Ta nan jinin talakawa da na kamammu ya shiga gidajen sarautar ƙasar Hausa da Borno. Amma ba a tambayi yarinyar ko tana so ba, don haka kiran wannan soyayya na buƙatar taka-tsantsan, balle da yake shari'ar Hadijatou Mani a kotun ECOWAS a 2008 ta nuna al'adar wahaya, wato irin wannan sa-ɗaka, ba ta gama mutuwa a Nijar ba. Namiji na ƙasa da mace ta sama kuwa, wanda shi ne abincin littattafan soyayya, nan ƙofar ta fi ƙunci. Fikihun Malikiyya bai sa nasaba cikin sharuɗɗan dacewar ma'aurata ba. Al'ada ce ke tura dattawa su binciko ɗan gidan wane ne, sana'arsu karda ce, wato ta gado, ko shigege, kamar yadda M. G. Smith (1959) ya bambanta, su kuma ji ko akwai igiya a zuriyar.

Bauta da ƙasƙanci ma ba kullum suke tafiya tare ba. Bayan Faransawa sun kashe Sarki Amadu Kuran Daga a 1899, suka kuma tuɓe magajinsa a 1906 bisa zargin makirci, Bellama, bawan fada kuma baba, suka ɗora kan Damagaram, sai a 1923 Barma Mustafa ya maido sarautar gidan. Ga mutumin da 'ya'yan sarki ke faɗuwa a gabansa, amma ba shi da asalin da za a ba shi aure a kansa.

Wannan ya kai ni ga hukuncin da na fi tsayawa a kai. Labarin da ya ƙare da "ashe ɗan sarki ne" bai tsallake matsayi ba ko taki ɗaya. Ya gaya wa surukai cewa ƙin da suka yi daidai ne, kuskurensu kawai rashin labari, kuma kyawun halin saurayin daga jini ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In Da So Da Ƙauna (1991) ya fi shi ƙarfin hali, domin Sumayya 'yar masu kuɗi ta san Muhammad talaka ne, a haka ta zaɓe shi a kan attajiri Abdulƙadir, har ta gwammace rijiya.

Iyakokin bincike

Za a ce littattafai uku sun yi kaɗan, kuma duka daga kudancin iyakar Nijar da Nijeriya suke, alhali taken ya ce Damagaram. Na karɓa, ko da yake iyakar ta zo ne bayan zamanin da ake magana a kai. Richardson mai yaƙi da cinikin bayi ne, idonsa ya fi ganin abin da ya zo nema, kuma shaidar uku-uku ta Kano ce, ban ɗora ta kan fadar Zinder ba. Wasan kwaikwayon Salifou mai suna Tanimoune (1973), da wasannin Hausa na 'yan wasan Zinder da Janet Beik (1987) ta nazarta, an bar su don suna buƙatar maƙala tasu.