Wa Ke Gadin Mai Gadi? Tarihin Manhajojin da Ke Ce Mana "Wannan Shafi Lafiya Ne"

Yau za mu taɓa tarihin antibairos da 'yan uwansa, waɗannan ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza su riƙa nuna maka kore ko ja kafin ka shiga shafi.

Mu fara daga Lahore ta Pakistan, shekarar 1986. Wasu 'yan uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta bairos ɗin da ake kira Brain, yana bin faifan fulofi daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Abin dariya, har adireshinsu da lambar waya suka saka a ciki. A 1987 John McAfee ya kafa kamfaninsa a Amurka, sana'ar maganin bairos ta kankama. Aikin antibairos a lokacin kamar ɗan sanda ne mai riƙe da hotunan ɓarayi: duk fayil ɗin da ya yi kama da hoton, a kama shi.

Da intanet ta yaɗu, sai ɓarawo ya daina zuwa a faifai. A watan Mayun 2000 saƙon ILOVEYOU ya taso daga Filifin ta imel, ya kama miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki. Daga nan kuma aka shiga zamanin shafukan bogi masu kama da na banki. To kun ga, yanzu ba fayil kawai za a bincika ba, sai an binciki shafin kansa.

Nan SiteAdvisor ya shigo, McAfee ya saye shi a 2006. Kore lafiya, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja a gudu. Sai kuma WOT daga ƙasar Finland, wanda jama'a ne da kansu suke ba shafuka maki.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Kafin manhaja ta gaya maka shafi lafiya ne, dole ta san wane shafi ka shiga. Ma'ana tana ganin duk inda ka taka. A Nuwamban 2016 gidan talabijin na NDR a Jamus ya bankaɗo cewa ana sayar da tarihin yawon masu amfani da WOT, kuma 'yan jarida sun iya gane wasu mutanen daga bayanan. Mozilla ta cire shi daga rumbunta. A Janairun 2020 aka sake bankaɗo cewa Avast, mai antibairos na kyauta, yana sayar da irin waɗannan bayanai ta wani reshensa, Jumpshot. Ya rufe reshen, kuma a 2024 hukumar FTC ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5. Hausawa dai sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ko ɗan kwaɗon nan da ke gefen adireshi, mutane sun ɗauka shaidar gaskiyar shafi ce, alhali yana nufin hanyar a rufe take ne kawai, ɗan damfara ma yana iya samunsa. Shi ya sa Google ya cire shi daga Chrome a 2023.

Ba cewa nake ku zubar da kariya ba. In burauza ta nuna maka jan shafi na gargaɗi, ka koma baya. Amma shafin tallafin bogi da aka buɗe jiya, aka turo maka a WhatsApp yau, wataƙila ba wanda ya riga ya ba shi maki. Karanta adireshin da kyau. Kada ka rubuta BVN ko lambar katinka. Kafin ka sauke kowace manhajar kariya, duba izinin da take nema, ka tambayi kanka da me masu ita suke cin abinci.

Ku tura wa iyayenmu da ƙannenmu wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.