Chari Maigumeri: amsa ga mai cewa kakanninmu 'yan dako ne kawai

Wani ya rubuta jiya wai baƙar fata ba su yi yaƙin Turawa ba, kaya kawai suka ɗauka. Ina zaune a nan Malanville, daf da gadar Gaya, maganar ta hana ni sukuni. Malam, ka taɓa jin sunan Chari Maigumeri?

Ɗan Borno ne. Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru, yaƙin duniya na farko ya riske shi a Garwa. A nan nake so ku tsaya. Jamusawa sun kewaye Garwa da ganuwa da ramuka a bakin Binuwai, yawancin masu riƙe da bindiga a ciki kuwa baƙaƙe ne. A watan Agusta 1914 sojan Ingila suka taso daga wajen Yola suka far musu, aka fatattake su, har kwamandansu Maclear ya rasa ransa. Da suka dawo a 1915 sai da suka haɗa kai da Faransawa, suka jawo igwar jirgin ruwa tun daga teku, suka yi kwanaki suna luguden wuta kafin garin ya faɗi a watan Yuni. Ɗan dako ne yake tare runduna wata tara? Cikin waɗanda aka kama har da Chari. Zuwa 1917 ya sa kakin Ingila, aka kai shi Gabashin Afirka ya fuskanci iyayen gidansa na da.

Na san wani zai ce ai Babarbare ne, mene ne namu a ciki. Haba! Da Hausa ake magana a barikin sojan Najeriya na lokacin, Babarbare da Bazabarme da Bahaushe tukunya ɗaya suke ci. Ku bar wannan gardamar.

Ya kai samanjan bataliya ta 3 ta rundunar Najeriya. A yaƙin duniya na biyu, a 1941 yana cikin waɗanda suka kori Italiyawa daga Habasha, can ya samu lambar jarumta ta Military Medal. Daga nan sai dajin ƙasar Bama da yaƙin Japanawa, da lambar BEM a 1944. A 1953 ya je Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth, ya ajiye aiki aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lokoja sunansa yake ɗauke da shi har yau.

Namu mazan jiyan na Dahomey da Nijar, da suka yi wa Faransa yaƙi, ba su ga irin wannan karramawar ba. An harbe wasu 'yan uwansu a Thiaroye a 1944 don sun nemi haƙƙinsu, aka daskarar da fanshonsu a 1959, ba a daidaita shi ba sai da yawancinsu suka kwanta dama. Allah ya jiƙansu.