Daga Turu Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Koyon Jinyar Taɓin Hankali a Yammacin Zamfara

Shekaru aru-aru, idan mutum ya samu taɓin hankali a ƙasar Anka, Gummi ko Bukkuyum, dangi kan kai shi wurin malami a ba shi rubutun sha, ko wurin 'yan bori a yi masa girka. In abin ya ci tura, sai a sa ƙafarsa a turu. Ilimin wannan jinya gado ne, ɗa kan ɗauke shi a gaban uba. Na asibiti daga baya ya zo, kuma daga nesa. A 1954 Dakta Thomas Lambo ya fara tsarinsa a Aro ta Abeokuta, inda majinyaci ke zama a ƙauye tare da danginsa, ma'aikatan jinya suna bibiyarsa. Babban asibitin masu taɓin hankali da mutanen yammacin Zamfara suka sani shi ne na Kware, wanda ya ci gaba da zama a jihar Sakkwato bayan da aka ƙirƙiro Zamfara a 1996.

Nisan nan shi ne tushen matsalar, ga buƙata kullum tana ƙaruwa. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma, ta bar wasu da lahani a ƙwaƙwalwa. 'Yan bindiga kuma suka raba dubban mutane da gidajensu, suka bar uwayen da barci ya ƙaurace musu. Waɗannan suna buƙatar ma'aikacin jinya ɗan gari, mai jin harshensu. Karatu ta intanet, wanda annobar korona ta tilasta wa jami'o'i a 2020, zai ba ɗalibin jinya daga Gummi damar sanin alamomin cuta, magunguna da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sanya wa hannu a 2023 daga bakin ƙwararru, ba sai ya yi ƙaura ba.

Masu ja suna cewa a Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, kuma waya ba ta koya wa ɗalibi yadda ake lallashin wanda ya birkice. Duka biyun gaskiya ne, amma suna da magani. Darasi ana iya sauke shi a ajiye, a karanta ko babu sabis. Lallashi kuwa a gefen gado ake koyonsa, kamar yadda magabata da Lambo suka gane. Don haka makarantun jinya su raba aikin biyu: karatu ta waya, sannan watanni na dole a ɗakin majinyata a Kware kafin a ba kowa takardar shaida.