Inuwa a Huhu: Tarihin Cutar da Aka Daɗe Ana Ɗauka Tarin Fuka Ce

Ran 8 ga watan Nuwamba na shekarar 1895 ne wani shehun malami Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano a birnin Würzburg wani irin haske da ido ba ya gani, wanda yake ratsa nama amma ƙashi ya tare shi. Shi ne hasken da ake ɗaukar hoto da shi a asibiti, wanda likitoci ke kira eksire. Kafin wannan, likitan da yake so ya san abin da ke cikin ƙirjin majiyyaci sai dai ya ƙwanƙwasa ya kuma saurara, ko kuwa ya jira ranar binciken gawa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka rungumi hoton da hannu biyu, musamman wajen neman tarin fuka, wanda a lokacin yake cikin manyan cututtukan da ke kashe mutane a Turai da Amurka.

Shi hoton ƙirji ba kome ba ne illa inuwa. Lafiyayyen huhu cike yake da iska, haske ya ratsa shi ya fito baƙi. Inda ruwa ko ƙari ko tabo yake, sai wurin ya yi fari. Tarin fuka idan ya warke yakan bar ƙananan tabo masu tauri kamar alli, su fito a hoto fari fat. Da likitoci suka yi ta ganin haka shekara da shekaru, sai abin ya zame musu ƙa'ida: duk farin ɗigo a huhu sawun tarin fuka ne. A shekarar 1936 wani likitan Birazil, Manuel de Abreu, ya fito da dabarar ɗaukar hoton a kan ɗan ƙaramin fim mai arha, har ya yiwu a ɗora na'urar a mota a bi makarantu da masana'antu da ita. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Amurka ta riƙa ɗaukar hoton ƙirjin masu shiga soja, aka kuwa mayar da samari da yawa gida saboda waɗannan ɗigo-ɗigon.

Sai dai akwai wani abu da ya ƙi daidaita. Tun 1908 akwai gwajin Mantoux, watau a tsira wa mutum ɗan ruwan da aka tace daga ƙwayar tarin fuka a fatar hannu. Idan jikinsa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, wurin ya tashi cikin kwana biyu ko uku. A jihohin da ke kwarin kogin Ohayo da na Misisifi, sai aka riƙa samun ɗimbin yara da samari, huhunsu dabbare-dabbare da farin tabo, amma gwajin fata bai nuna kome ba. Cikin shaidu biyun nan lalle ɗaya ya yi ƙarya. Likitoci da dama suka fi karkata ga zargin gwajin fatar, gama abin da ido ya gani a hoto ya fi shiga rai.

Asalin amsar tana can baya, a wata ƙasa dabam. A ƙarshen 1905, lokacin da ake haƙa mashigin ruwa na Fanama, wani matashin likita Ba'amurke, Samuel Darling, ya binciki gawar wani kafinta ɗan tsibirin Martinik wanda zazzaɓi da rama suka kashe. Da ido, huhun ya yi kama da na mai tarin fuka. Amma a ƙarƙashin madubin likita sai ya ga wasu ƙwayoyi da bai sani ba, ya sa musu suna Histoplasma capsulatum. Sunan ma kansa kuskure biyu ne a haɗe, don ya zaci dangin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ce, kuma ya zaci tana da ɓawo, alhali ba ta da shi. Sai a 1934 William DeMonbreun na Jami'ar Vanderbilt a jihar Tenesi ya raini ƙwayar a ɗakin gwaji, ya tabbatar da cewa funfuna ce. Har zuwa 1945 mutum 71 kaɗai aka rubuta sun kamu da ita a duniya duka, kusan dukkansu kuwa sun mutu. Ba wanda ya yi tunanin haɗa cuta mai wuyar samu irin wannan da tabon da ake gani a ƙirjin dubban yara masu ƙoshin lafiya.

A shekarar 1945 ɗin ne Amos Christie da J. C. Peterson, su ma na Vanderbilt, suka yi wa yaran Tenesi gwajin fata da ruwan wannan funfuna maimakon na tarin fuka, sai hannuwa suka yi ta tashi. Carroll Palmer na hukumar kiwon lafiya ta Amurka ya sami irin wannan sakamako a tsakanin ɗaliban aikin jinya. Daga baya aka gane cewa a wasu gundumomi fiye da kashi 80 cikin 100 na manya sun taɓa shaƙar ƙwayar, akasarinsu ba su ma san an yi ba, ko kuwa sun ɗauka mura ce. Chester Emmons ya ba da rahoton samun ta a cikin ƙasa a 1949, sa'an nan aka tarar ta fi son inda kashin kaji da na jemage da na tsuntsaye ya taru. Mai share tsohon akurki yana iya shaƙar ta da ƙura.

Kuskuren ya ci mutane. A tsakiyar shekarun 1950 Michael Furcolow da abokan aikinsa suka bi asibitocin da ake killace masu tarin fuka, suka tarar da majiyyata waɗanda funfunar ce ta huda musu huhu. An raba su da iyali da sana'a, an kwantar da su cikin masu tarin fuka na gaske, ana ɗura musu maganin da ba ya taɓa cutarsu. Laifin ba na na'ura ba ne. Ta nuna inuwar da ke nan. Masu karatun hoton ne suka laƙa mata suna ba tare da sun nemi ƙwayar a kaki ko a nama ba. A 1974 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da shawarar a daina yawon ɗaukar hoton kowa da kowa, a fi ba da ƙarfi ga binciken kakin masu tari.

Na'urorin da suka biyo baya sun ƙara kaifin gani, amma ba su kashe matsalar ba, sun dai sake mata riga. Na'urar Godfrey Hounsfield, wadda ke nuna jiki yanki-yanki da taimakon kwamfuta, an fara aiki da ita a kan majiyyaci a Landan a 1971. Yanzu abin da ake tsoro a farin ɗigo shi ne sankara. A wani babban gwaji a Amurka da aka bayyana a 2011, wanda ya ƙunshi mashaya taba fiye da 53,000, wannan na'ura ta rage mutuwa daga sankarar huhu da kashi 20 cikin 100. Amma cikin hotunan da suka ta da hankali, sama da kashi 96 cikin 100 ba sankara ba ce. A yankunan funfunar nan, tsohon tabonta na cikin abubuwan da kan kai mutum ɗakin fiɗa a banza.

Afirka tana da nata nau'in. A 1952 wani masani ɗan Beljiyam, Raymond Vanbreuseghem, ya bayyana shi, ya sa masa suna duboisii don girmama likita Albert Dubois. Wannan bai cika damun huhu ba. Fata da kaluluwa da ƙashi yake kamawa, kuma a hoto ramukan da yake ci a ƙashi suna iya kama da tarin fukan ƙashi ko sankara. A 1964 W. P. Cockshott, likitan hoto a asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan, tare da Adetokunbo Lucas, suka wallafa bayanin kamannin cutar a hoto daga majiyyatan Nijeriya. Tabbatar da ita kuwa sai an yanko ɗan nama ko an ɗebo mugunya an duba, a ga ƙwayoyinta, waɗanda suka fi na Darling girma nesa ba kusa ba. Inda take zaune a daji ya daɗe a ɓoye, sai a 1994 Harish Gugnani da abokan aikinsa suka ba da rahoton samun ta a cikin ƙasar wani kogon jemagu a Ogbunike, jihar Anambra.