Daga Malamin Taki Zuwa Wayar Hannu: Wa Ke Riƙe Da Littafin Garinmu?

 

Gab da faɗuwar daminar bara mun halarci wani zaman sulhu a zauren mai unguwa, a wani ƙauye da ke mazaɓarmu ta Kiyako. 'Ya'yan wa da ƙani ne ke jayayya a kan iyakar gonar da suka gada daga kakansu. Layin gambar da ya raba gonakin wuta ta cinye shi, aduwar da ake kwatance da ita an sare ta an yi gawayi, dattijon da aka yi rabon a gabansa kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Mai unguwa ya dubi jama'a ya ce, "Akwai mai takarda?" Aka yi tsit. Daga baya dai an raba gardamar, amma har yau mutanen nan biyu gaisuwarsu ta fatar baki ce.

Tun daga ranar muke tambayar kanmu: fiye da shekara 100 ana ƙirga mu, ana rubuta sunayen iyayenmu da kakanninmu, ana karɓar kuɗi a kan gona da shanu. To ina duk rubutun nan ya tafi? Me ya sa ranar da muka buƙace shi ba mu gan shi ba? Amsar tana cikin tarihi.

Kafin zuwan Turawa, Birnin Kudu da kewayenta suna ƙarƙashin masarautar Kano. Akwai haraji iri-iri: kuɗin ƙasa, zakkar hatsi, jangali a kan shanu, kuɗin karofi a kan marina. Manyan masu sarauta da yawa suna zaune ne a birnin Kano, jakadunsu ke zagaya ƙauyuka suna tattaro abin da aka yanka. Akwai rubutu, domin wasiƙun sarakuna da na alƙalai da Larabci ake yin su, amma iyakar gonar talaka ba a takarda take ba. Tana cikin kan mai gari da dattawa da maƙwabta. Wannan tsari yana da nasa alherin, domin ilimin na kowa ne, a bainar jama'a ake faɗinsa, wanda ya yi ƙarya kuma a take za a ƙaryata shi. Rauninsa shi ne wanda muka gani a zauren can: idan tsoho ya rasu, ya tafi da abin da ya sani.

A watan Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano. Babbar damuwar sabbin masu mulki ita ce kuɗin gudanar da ƙasa, kuma ba a tara kuɗi sai an san yawan masu biya. Cikin 'yan shekaru aka yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, aka ce kowane hakimi ya koma ƙasarsa da zama, aka dunƙule harajin nan masu yawa, aka kafa Baitulmali inda ake rubuta shige da ficen kuɗin En'e. A 1910 aka yi dokar ƙasa ta Arewa, wadda ta ɗora ikon filaye a hannun Gwamna, da sunan yana riƙe da su ne don amfanin 'yan ƙasa.

A wannan zamani ne aka ƙirƙiro aikin malaman taki. Malami zai shiga gona ya auna tsawonta da faɗinta da takun ƙafarsa, ya rubuta sunan mai ita, a yanka masa haraji gwargwadon girmanta. An fara wannan ne a ƙasashen da ke kewaye da birnin Kano. Da aka ga takun wani ya fi na wani tsawo, kuma ana iya sa ƙafar malami ta miƙe ko ta taƙaita, sai aka kafa sashen safiyo na En'en Kano, aka koma awo da sarƙa da zana taswira. A sauran wurare kuwa Di'o ne ke zagayawa da hakimi, a ƙirga magidanta da dabbobi, a ƙiyasta amfanin gona, a yanka wa ƙauye jimillarsa, dagaci ya rarraba wa mutanensa. Irin waɗannan rahotanni na gundumomin lardin Kano suna nan a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, masu bincike na karanta su har gobe.

Ko shari'ar ƙasa an rubuta ta. Majalisar Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, ta bar kundin hukunce-hukuncenta da Larabci, cike da ƙararrakin gona da gida da gado. Wani masanin tarihi, Allan Christelow, ya fassara wani ɓangare nasu zuwa Turanci ya buga a 1994. Ke nan ba rubutu aka rasa ba. Abin lura shi ne inda littafin ya sa gaba. Daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa fada, daga fada zuwa Razdan. Kullum hawa yake yi, ba ya saukowa. Abin da kawai ya dawo hannun kakanninmu shi ne rasit ɗin haraji, wanda suke ninkewa su adana tamkar laya, domin idan aka tare ɗan ci-rani a hanya shi zai nuna.

Wannan ne ya haifar da ɗabi'ar da muka gada ba tare da mun sani ba. Wanda duk lokacin da aka rubuta sunansa sai an karɓi wani abu daga hannunsa, dole ya tsani alƙalami. Makiyayi ya koyi kora shanunsa daji ranar ƙidayar jangali, magidanci ya koyi rage yawan samarin gidansa. In da za mu duba da kyau, tsoron da wasu iyayenmu ke yi wa mai riƙe da fayil a yau, ko da rigakafi ya zo yi, daga nan ya samo tushe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

'Yan siyasar farko sun gane haka. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a watan Agustan 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta yi suna ne wajen tambayar da talaka ba ya iya yi: nawa aka tara, kuma me aka yi da shi? Mutane sun sha ɗauri a kan wannan tambaya. Sai a 1979, lokacin da Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya hau mulkin tsohuwar jihar Kano, wadda muke cikinta a lokacin, aka soke haraji da jangali. An yi murna, kuma murnar tana kan hanya. Sai dai da harajin ya tafi, littafin da dagaci ke sabuntawa duk shekara shi ma ya daina aiki, ba a kuma kawo wani a madadinsa ba. An daina rubuta mu don a karɓa, amma ba a fara rubuta mu don a ba mu ba.

Shekara guda kafin nan, a watan Maris na 1978, gwamnatin Janar Obasanjo ta yi dokar amfani da ƙasa wadda har yau ita ke aiki. Ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna. Filin birni gwamna ke ba da takardar shaidarsa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya. Dokar ta kuma ba gwamnati damar karɓar fili don amfanin jama'a, diyyar da za a biya kuwa ta abin da ke kan filin ce, kamar gini ko shuka ko itatuwa. Mu tambayi kanmu: a cikin manoman Kiyako da Sundimina da Wurno, ko na ƙasar Gwaram, mutum nawa muka sani da ke da irin wannan takarda a ƙarƙashin matashinsa? Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, ofis ya matso daga Kano zuwa Dutse, amma littafin bai iso ƙauye ba.

Canjin da ya fara juyo da littafin wajen jama'a ya zo ne a hankali. A 2004 ma'aikatar kuɗi ta tarayya, a ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, ta fara buga kason da kowace jiha da ƙaramar hukuma ke samu duk wata a jaridu. Daga lokacin mai karatu a Birnin Kudu ya samu damar sanin abin da ya shigo da sunan ƙaramar hukumarsa. Ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai. Dokar ta ce ɗan ƙasa na iya rubuta wa hukuma ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma a ba shi amsa cikin kwana 7. An daɗe ana gardamar ko ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilun 2025 cewa ta hau. A 2011 ɗin ne wasu matasa suka kafa BudgIT don sauƙaƙa wa mutane karatun kasafin kuɗi, daga baya suka fito da Tracka don bin sawun ayyukan mazaɓu. Jihar Edo ta buɗe rumbun bayananta a intanet a 2013, Nijeriya kuma ta shiga ƙawancen ƙasashe masu gudanar da gwamnati a buɗe a 2016. A ɓangaren filaye, Abuja da Kano da Kaduna sun kafa hukumomin da ke adana taswirar filaye a kwamfuta. Ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

A wasu ƙasashe abin ya yi nisa. Birnin New York na Amurka ya yi doka a 2012 da ta tilasta wa hukumominsa zuba bayanansu a fili, daga na gine-gine har na ƙorafin jama'a. Kada a ce ai wannan ƙasar masu kuɗi ce: Ruwanda, daga 2009 zuwa 2013, ta bi ƙauye-ƙauye da hotunan sama, ta tara maƙwabta suna nuna iyakokinsu, ta yi rajistar filaye fiye da miliyan 10.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Bayanin da aka ɗora a intanet da Turanci, mai shafi ɗaruruwa, bai buɗe wa gwaggonmu da ke sayar da daddawa komai ba. An dai ɗauke littafin daga akwatin hakimi an sa shi a wani akwatin da mabuɗinsa boko ne da kuɗin data. Akwai kuma haɗari. Idan aka fara rajistar filaye ba tare da an yi shela ba, mai ido da sani ne zai riga kowa, ya wayi gari da takardar gonar marayu. Macen da rabonta na gado ke hannun ɗan'uwanta sunanta ba zai shiga ba. Burtali da makiyaya da mashaya, da yake ba su da mutum guda mai tsaya musu, su ne za a fara haɗiyewa, mun kuma san abin da toshe burtali ke jawowa lokacin kaka. Haka nan ba kowane bayani ne na bazawa ba: kuɗin gina asibiti na kowa ne, amma sunan majinyaci da cutarsa sirrinsa ne. Ga kuma tsufan alƙaluman kansu. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, wadda ta ba Birnin Kudu mutum fiye da dubu 300, Gwaram fiye da dubu 270. Jaririn wancan lokaci yau ya isa jefa ƙuri'a.

To mene ne namu a ciki? Muna ganin abu uku ba su fi ƙarfinmu ba. Na farko, mu roƙi shugabannin ƙananan hukumominmu da kansiloli, cikin ladabi kuma a rubuce, a kafa allo a sakatariya da kowace mazaɓa, da Hausar boko da ajami, mai nuna kuɗin da ya shigo a wata, aikin da aka bayar, wurinsa da kuɗinsa. Na biyu, mu matasa mu yi wa mazaɓarmu lissafin abin da ido ke gani: rijiyar burtsatse nawa ce, nawa ke ba da ruwa, aji nawa ne babu rufi, wace ƙaramar asibiti ce ke buɗe da dare. Wayar da muke wannan karatu da ita ta isa aikin. Na uku, wanda ya fi gaggawa, kowa ya ɗauki dattijon gidansu su zagaya gonakin gado tare da maƙwabta da mai unguwa, a rubuta iyakoki, a ambaci rabon mata da sunayensu, shaidu su sa hannu, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Wannan ba zai zama satifiket na gwamnati ba, amma da akwai irinsa a zauren can, da zumunci bai yi rauni ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa Dutsen Habude ko Dutsen Mesa a Birnin Kudu ya ga zanen shanun da mutanen da suka riga mu suka bari a jikin dutse. Ba mu san sunayensu ba, amma sun ajiye abin da suka sani a inda na baya zai gani. Mu da muke da takarda da waya, kunya ce a ce jikokinmu za su tsaya a zaure a tambaye su takarda su yi tsit.

Wanda ke da tsohon rasit ɗin haraji ko takardar cinikin gona ta kakanninsa, muna roƙon ya ba mu labarinta, amma ya rufe sunayen mutane kafin ya nuna hoton. Dattawanmu da malamanmu kuma, inda muka yi kuskure a gyara mana. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.