Daso: Muguwar da Labari Ba Ya Tafiya Sai da Ita

Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kaset ɗin bidiyo ya shigar da fim ɗin Hausa har cikin ɗakunan matan aure, daga birni zuwa garuruwa irin su Gwarzo da Kabo. Labarin da ya fi karɓuwa a wurinsu shi ne na cikin gida: kishi, auren dole da rikicin uwar miji. Irin wannan labari kuwa ba ya tashi sai da mai hura wuta.

Wannan gurbi Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta cike. An haife ta a 1968, ta fara fitowa a 2000 cikin Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya, sannan aka gan ta a Nagari, Gidauniya da Sansani. Ba ita ake rera wa waƙar soyayya ba. Ita ce kishiya mai makirci ko uwa mai faɗa, wadda hararta kaɗai ke sa a tausaya wa jaruma. Gwargwadon tsanar da masu kallo suka yi wa halinta, gwargwadon nasarar fim ɗin.

Ta rasu a Kano ranar 9 ga Afrilu, 2024, ranar ƙarshe ta azumin Ramadan, tana da shekara 56. Tarihin Kannywood da ya tsaya kan jarumai kaɗai ya bar rabin labarin, domin hawayen da aka zubar saboda su, irin su Daso ne suka jawo shi.