Muryar Makaɗi Daga Ƙuruciya Zuwa Tsufa

Hanyar da ta fito daga Sakkwato ta nufi Jega tana ratsa Boɗinga, ta wuce Shagari, ta miƙe zuwa Tambuwal. A tashoshin da ke bakinta, da wuya a yi wuni guda ba a ji kotson Musa Ɗanƙwairo yana tashi daga wayar direba ko rediyon mai shayi ba. Tambayi kowa a wurin yadda muryar Ɗanƙwairo take, zai ce maka murya ce mai kauri, mai nauyi, irin wadda take cika fada. Gaskiya ya faɗa, sai dai wannan murya da kowa ya sani ta dattijo ce. An haifi Musa a Bakura wajen 1909, kuma sunansa bai game Arewa ba sai a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, lokacin ya ba hamsin baya. Kusan duk abin da ake saurare nasa a yau an ɗauke shi ne tsakanin wancan lokaci da rasuwarsa a 1991.

Muryar da ta jawo masa laƙabi kuwa, babu na'urar da ta kama ta. Masu tarihin makaɗa sun ruwaito cewa a cikin yaran mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, akwai wani mai zaƙin murya ana ce masa Ɗanƙwairo, da Musa ya taso yana amshi aka ji tasa ta yi kama da ta wancan, sai sunan ya bi shi. Wato yaron da aka yi wa laƙabi saboda siririyar murya mai zaƙi shi ne tsohon da ake tunawa da shi saboda kaurin murya. Tsakanin waɗannan muryoyi biyu akwai shekara saba'in na aiki, kuma tarihin sana'ar kiɗa a ƙasar Sakkwato da Zamfara yana kwance a cikinsu.

Ɗankwanda makaɗin noma ne. Wanda ya taɓa halartar gayya ya san abin da wannan yake nufi ga maƙogwaro: fili ne buɗaɗɗe, rana ta take, ganga tana rugugi, manoma sun bazu cikin kuyya, kuma dole kirarin ya isa kunnen wanda yake can ƙarshen gona. Babu lasifika, babu bangon da zai maido da sauti. A irin wannan makaranta yaro yake koyon ɗaga murya sama, domin siririn sauti ne yake keta ƙarar ganga. Sai ya balaga muryar ta fashe, ta yi 'yan watanni tana gardama, sannan ta zauna a sabon wurinta. Yaron gidan kiɗa ba a sallamarsa a wannan tsakani. Ana miƙa masa abin kiɗa ya riƙe, ya ɓuya cikin 'yan amshi har muryar ta nuna.

Da gidan ya karkata ga kiɗan fada a Maradun, Kurna yayan Musa yana jagora, Musa yana Daudun kiɗi, sai buƙatar ta canza. Kotso da hannu ake kaɗa shi, sautinsa yana da taushi, ana matsa tsarkiyarsa ya hau ko a sake ta ya sauka. A gaban sarki ba a ihu. Abin da ake nema shi ne kowace kalma ta fita sarai, zambo ya isa inda aka aika shi, a jero kakannin sarki ba tare da numfashi ya yanke a tsakiyar suna ba. Shekarun da mutum yake yi a matsayin Daudu su ne suke koya masa wannan, kuma galibi ba ya zama jagora sai furfura ta fara leƙowa.

A nan hikimar tsarin take, kuma ba a cika yaba mata yadda ta cancanta ba. Ƙungiyar makaɗan fada ba amshi kawai take yi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, ya bambanta ayyukan 'yan amshi, har da karɓi da ƙari. Jagora yakan fara ɗan waƙa, ya faɗi rabin magana, sai yaransa su karɓe daga bakinsa su ƙarasa ta, wani lokaci su ƙara nata, sannan su sauke a kan gindin waƙar. Duk wanda ya kasa kunne ga faifan Ɗanƙwairo na ƙarshen rayuwarsa zai ji yadda wannan yake aiki. Tsohon yakan jefa jimla gajera, a ƙasa-ƙasa, da ɗan gurnani a cikinta. Kafin ta faɗi, muryoyin 'ya'yansa da yaransa sun ɗauke ta sun kai ta sama, sun ja ta iyakar tsawon da ake so. Shi kuwa ya samu sararin shaƙar iska, ya shirya ta gaba. Mai sauraro ba ya jin an rasa komai, domin zaƙin yana nan a bakin samari, nauyin maganar yana bakin dattijo.

Wannan tsari ne ya ba mutane irin su Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, damar riƙe jagoranci har cikin tsufa tukuf, kafin rasuwarsa a 1973. Shi ma Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya yi kokawa a ƙuruciyarsa, na'ura ba ta riske shi ba sai a ƙarshen zamaninsa. Aliyu Ɗandawo, haifaffen Shuni da ke maƙwabtaka da Boɗinga, ya bi hanyar yamma zuwa Argungu, ya ƙare a Yawuri, inda ɗansa Sani ya gaje shi. A duk gidajen nan, waƙa ɗaya takan rayu a bakin mutum uku: yaron da yake amsa ta, magidancin da yake karɓa, da tsohon da ya ƙaga ta.

Me yake faruwa a maƙogwaro har murya take sauyawa? Sauti yana fitowa ne daga wasu tantani biyu da iskar huhu take kaɗawa. A maganar namiji baligi sukan kaɗa sau ɗari da 'yan kai a daƙiƙa guda, ta mace kuwa wajen ninki biyu. Shekaru suna tafiya, naman tantanin yana raguwa, ba sa haɗuwa ruf kamar da, sai iska ta riƙa zurarewa, a ji murya ta dushe ko tana rawa. Guringuntsin maƙogwaro yana ƙara tauri, huhu ba ya riƙe iska kamar na saurayi. Abin da ya fara tafiya shi ne sautin can sama da dogon numfashi. Ga makaɗin ƙasar Sakkwato, a ƙara da ƙurar hunturu, da kwanan zaune a gidan biki, da tafiyar dare a bayan mota. Shi ya sa 'yan sana'ar ba sa raina zuma da citta da kanumfari da ruwan ɗumi, kuma idan murya ta ɗauke a ranar babban taro, ba a rasa mai cewa abokin hamayya ne ya ɗaure ta.

Akwai kuma abin da harshen kansa yake tilastawa. Hausa tana bambanta ma'ana da hawa da saukar sauti da tsawon wasali. Tsohon makaɗi yana iya taƙaita tazarar da ke tsakanin samansa da ƙasansa, amma ba shi da ikon shafe ta, in ba haka ba maganar ta lalace. Saboda haka sai ya sauko da waƙar gaba ɗaya, ya matso da ita kusa da magana, makaɗa su sassauta tsarkiya su bi shi. Da yawa daga masu sauraro sun fi son wannan mataki, kuma suna da hujja: a nan ne ake jin kowane harafi, a nan habaici yake fi ciwo.

Mamman Shata bai samu irin wannan rufin asiri ba, domin tsarinsa daban ne. Yaransa amshi kaɗai suke maimaitawa, duk sauran maganar a wuyansa take. An haife shi a Musawa a 1923, ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni 1999, aka binne shi a Daura, kuma da yake an yi ta ɗaukarsa shekaru da dama, shi ne makaɗin da aka fi iya bin muryarsa daki-daki. Shatan faifan farko yana da sauri da kaifi, yana tsere da kalangu, yana cusa kalmomi da yawa cikin numfashi ɗaya. Shatan da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988 ya riga ya zama wani mutum: muryar ta yi ƙasa, ta yi yashi, yana barin kalangai su yi ta zuba kafin ya sa baki, yana barin amshi ya zagayo sau biyu ko uku. Bakandamiyarsa, wadda ya rera a lokuta daban-daban, ita ce ma'auni mafi kyau. A bakin matashi tana fita kamar ƙalubale ga sauran mawaƙa. A bakin dattijo sai ta koma bayanin abin da ya riga ya tabbata, ba tare da ya canza manufarta ba.

Ɗanmaraya Jos kuwa, daga shi sai kuntiginsa har ya rasu a 2015. Duk abin da shekaru suka yi wa muryarsa a fili yake, babu mai karɓa masa.

Mawaƙan Turawa masu kiɗan jita mai ƙara sun sha fama da wannan matsala fiye da makaɗan fada, saboda sun yi suna ne da muryar shekara ashirin da 'yan kai, kuma masoyansu ita suke biya su ji. Lokacin da ƙungiyar Led Zeppelin ta sake haɗuwa a Landan a 2007, sai da aka sauko da sautin wasu waƙoƙin domin su dace da muryar mawaƙinsu Robert Plant, wanda a lokacin yake dab da sittin. Joni Mitchell ta ƙasar Kanada ta ɗauki wata hanya: waƙar da ta fitar a 1969 da siririyar murya, ta sake rera ta a 2000 da murya mai kauri, a hankali, kuma mutane da yawa suka ce ta biyun ta fi ratsa su. Abin da waɗannan suka gano da kansu bayan sun manyanta, gidajen kiɗa na Maradun da Isa da Sakkwato sun gina shi cikin sana'ar tun daga tushe.

Na'ura ma ta sa hannu a cikin abin da kunne yake ji. Wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, shekarar da aka haifi Alhaji Shehu Shagari, ya fara jin makaɗa ne ido da ido, a gayya ko a ƙofar hakimi. Daga baya garmaho ya zo, da faifansa da ba ya wuce minti uku ko kusa da haka a kowace fuska, abin da yake sa makaɗi ya gaggauta ya datse waƙar da a fada takan ci rabin sa'a. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya shigar da muryoyin cikin kowane zaure, Rima Rediyo ta biyo baya a Sakkwato, sannan kaset ya cika kasuwanni a shekarun 1970. Zuwa lokacin da Shagari ya yi shugabancin ƙasa, daga 1979 zuwa 1983, lasifika ta zama abokiyar kowane taro, kuma ta yi wa tsofaffin makaɗa rana: mai shekara saba'in yana iya yin magana ƙasa-ƙasa dubban mutane su ji shi. Amma kaset yana da nasa sharrin. Wanda aka kwafa daga wani, aka sake kwafa daga na'urar da take gudu fiye da kima, yakan sirantar da murya ya mayar da dattijo saurayi. Wanda batir ya yi wa rauni kuma ya tsofar da shi. Da yawa daga abin da yake yawo a wayoyi yau daga irin waɗannan kaset aka ɗebo shi.

Mawaƙan situdiyo na yanzu suna da kwamfutar da take gyara murya ta daidaita ta, har ta goge dushewar da shekaru suka kawo. Suna da 'yancin yin haka, amma akwai asara a ciki. Wanda zai saurare su nan da shekara arba'in ba zai iya bin sawun rayuwarsu a cikin muryarsu ba, yadda ake bin ta Shata.

Babbar matsalar mai son bin wannan sawu a tsofaffin waƙoƙi ita ce yawancinsu suna zuwa ba kwanan wata. Masu tura waƙa a kasuwa sunan makaɗi da na ubangida kawai suke rubutawa. Duk da haka sarautun da ke cikin waƙar sukan taimaka. Waƙar da Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna yana raye ba ta wuce 15 ga Janairu 1966 ba. Wadda ta kira Ado Bayero Sarkin Kano ba ta riga 1963 ba, wadda ta kira Muhammadu Bashar Sarkin Daura ba ta riga 1966 ba, wadda kuma aka yi a gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ba ta wuce 1988 ba. Idan aka jera su a kan wannan tsari aka saurara daga farko zuwa ƙarshe, ana jin yadda rabon jagora yake raguwa kaɗan-kaɗan, na 'yan karɓi yana ƙaruwa. Aikin da ya rage shi ne a koma ga ainihin faya-fayan da gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato suka ɗauka, a kwafe su a kan gudunsu na asali, a tambayi 'ya'yan makaɗan da suka yi amshi a cikinsu wace shekara aka yi kowacce, tun suna nan da ransu.